Daren da Na Zubar da Ruwa

A gidanmu a Dakoro ba a zubar da ruwa. Wanda aka wanke hatsi da shi na awaki ne. Alwala kuwa a gindin itace ake yin ta, don shi ma ya samu rabonsa. Ina ɗan shekara 7 na yi tuntuɓe da tulu a bakin zaure, ya fashe, ƙasa ta shanye ruwan tun ban miƙe ba. Inna ba ta doke ni ba. Tsayawa ta yi tana kallon wurin da ya jiƙe har ya bushe, kuma kallon nan ya fi mini bulala zafi.

Rijiyar da muke sha ta kai gaba 40. Jakuna ke jan igiya, yaro na kora su har su yi nisa kafin wasaki ya leƙo baki, a juye shi a kwami, shanu su yi ca a kai. Kowace rijiya da mai ita, kowane garke da lokacinsa. Abin da na sani game da ruwa ke nan: ana jiran sa, ana auna shi, wani lokaci har a zare sanda a kansa.

Farin 1984 ya share garken Baba. Shanun da aka kora kudu ba su dawo ba, waɗanda suka tsaya a Kwarin Tarka suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Nijeriya kuma ta rufe iyakokinta tun watan Afrilun wannan shekara, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. Da hanya ta samu, Kawu, ƙanen Inna, ya sayar da taguwa ɗaya tak da ta rage masa, ya ce zai gwada fataucin kanwa zuwa Yawuri, ta ruwa, don an gaya masa jirgi ya fi mota sauƙin kuɗi. Ya roƙi Inna ta ba shi ni in riƙa kula da kaya. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga baya ta ce, “Ka dawo mini da shi.” Shekarata 17, a cikin Janairun 1987.

Muka bi Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kwana biyu a bayan babbar mota, ƙura ta mai da mu kamar waɗanda aka tono. Da asuba muka shiga Gaya.

Da farko na zaci hazo ne ya kwanta a ƙasa. Sai na ga yana tafiya. Hancina ya riga idona ganewa: ƙarnin kifi, warin laka, hayaƙin itace mai danshi. Ga gada ta miƙe zuwa Malanbil a ƙasar Benin, ga mata na wanki, ga yara tsirara suna faɗawa ciki suna dariya. Wannan shi ne Kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa. Ƙishirwa na damu na, amma na fi rabin awa tsaye a gaɓa ban tsoma hannu ba. Ina jiran in ga mai wurin in nemi izini. Ban gaya wa kowa wannan ba sai yau.

Kawu ya sayi kanwa buhu 12, kuɗin taguwa ke nan kakaf, ban da na jirgi da ɗan guziri. Jirgin na katako ne, na ƙirga tsawonsa taku 30. An haɗa allunan da ƙusa, an cusa tsumma da kwalta a tsakaninsu, an yi rumfar tabarmi a tsakiya, injin Yamaha a baya kusa da durom na fetur. Aka loda kanwa, albasa, wake, awaki, kekuna biyu, sannan mutane muka hau bisa kayan. Da aka gama, na aza hannuna a gefen jirgin: taƙi ɗaya ne tsakanin bakin katako da ruwa. Ban ga aibin haka ba. Na ɗauka haka jirgi ke zama.

Mai jirgin dattijo ne Basarke, kakanninsa daga Kabi suka biyo kifi har suka zauna a nan. Hausarsa tamu ce, sai dai cike take da kalmomin da ban taɓa ji ba. Ya daka wa wani yaro tsawa ya janye kwaminsa daga hanya. Na waiga ina neman abin shayar da shanu, sai na ga ɗan ƙaramin jirgi ne da aka sassaƙa daga gungume ɗaya. Sunan ɗaya ne, sassaƙar ma ɗaya ce. A wurinmu ruwa a ciki yake, dabba a waje. A wurinsu mutum ke ciki, ruwa ya kewaye shi.

Wani malami a cikinmu ya karanta addu'ar shiga jirgi, wadda ke cikin Suratu Hud, muka shafa. Inji ya tashi, ƙasa ta fara ja da baya, cikina ya juya.

Ba mu yi nisa ba dattijon ya dube ni, ya jefo mini yankakkiyar jarka. “Ɗan tudu, ga aikinka.” Ya nuna mini wani gurbi tsakanin buhuna inda ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako yake taruwa. Na cika jarkar, na ɗaga, sai hannuna ya tsaya a sama. Ruwa ne garai-garai, wanda zai ishi ɗan akuya yini guda. Idona na neman tulu ko kwano.

“Zubar mana!”

“Baba, a ina?”

“Ba naka ba ne. Mayar masa da abinsa.”

Na zubar. Har ga Allah sai da na ji kamar Inna na tsaye a bayana.

Kwana uku muka yi kafin Yelwan Yawuri, kuma su ne kwanakin da na fi tunawa in na rufe ido. Da farko Nijar na hagu, Benin na dama. Bayan garin Dole, sai gaɓa biyun duka suka zama Nijeriya, ruwan kuwa bai sauya launi ba. Muka tsaya a Lolo aka sauke albasa, aka ɗauki shinkafa. Daga nan sai tunga bayan tunga: bukkokin ciyawa a kan yashi, taru a shanye, hayaƙin banda na tashi a hankali. Na ga masunci ya tsaya a ƙarshen kwaminsa da ƙafa biyu kamar a tsakar gida, ya wurga birgi, ya buɗe a sama kamar faifai, ya sauka ba ƙara. A cikin jirgi ana Dendanci, ana Zabarmanci, ana Fulatanci, amma in ciniki ya tashi kowa Hausa yake komawa.

In magariba ta yi sai a tsaya a kan tudun yashi, a yi salla, a hura wuta. Sanyin hunturu a bakin ruwa daban yake da namu, yana da jiƙa, yana shiga har ƙashi. Wata dattijuwa mai fataucin banda, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta lura ba na cin komai sai ƙuli-ƙuli da garin rogo. Ta zuba mini shinkafa da romon ɗanyen kifi, ta zauna tana cire mini ƙaya da yatsunta. “Ci a hankali, ɗana. Kifi ba nama ba ne, ba a yi masa gaggawa.” Ranar na fara cin ɗanyen kifi a rayuwata.

A rana ta biyu da hantsi dattijon ya kashe inji ba zato. Hira ta mutu. Ya ɗaga hannu, yaransa suka ɗauki gwangwala suna tura jirgin zuwa gefe a hankali. Can gaba na hango abin da na ɗauka duwatsu ne guda huɗu. Ɗaya ya kaɗa kunne, ya yi huci, ruwa ya tashi sama. Dorina ce da ɗanta da wasu biyu. Muka wuce ta nesa, ba mai ko tari. Sai da muka ba su baya sosai wata mata ta saki salati.

Amma abin da ya karya mini zuciya shanu ne. A wata fadama mai cike da burgu muka iske garke yana ƙetare ruwa, jajaye masu dogayen ƙahoni irin na Bororo, irin waɗanda ke cika kasuwar Dakoro kafin fari. Kawunansu kaɗai ake gani, makiyayin na riƙe da wutsiyar ta baya. Hawaye ya zubo mini. A raina na ce: ashe ga inda Allah ya ajiye ruwa da ciyawa, mu muna can muna jan mushe. Na ji haushin mutanen kogi, har da Gwaggo da ta ciyar da ni. Na ɗauka ba su san wahala ba.

Dattijon ya ga fuskata. Bai tambaye ni komai ba, sai da muka zo wani dutse a gaɓa ya nuna mini da haɓa. Akwai wani baƙin layi a jikinsa, sama da kan mutum a tsaye.

“Ina yaro nan ruwa ke kaiwa. Shekarar da shanunku suka zo, burgun ma bai fito ba, don ruwa bai hau fadama ba. A wannan gaɓar suka mutu, bakinsu a ruwa, cikinsu ba komai. Kifi kuwa a fadama yake haihuwa. Mu ma mun sayar da taru mun sayi hatsi.”

Ya ce a watan Yunin 1985 kogin ya daina gudu a Yamai ɗungum. Ya ce ambaliya biyu suke jira kowace shekara: farin ruwa na damina, mai laka, da baƙin ruwa mai zuwa da hunturu. Wanda muke kai a lokacin, tun damina ya sauka a duwatsun Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso. In sama ta hana can, su a nan sai su gani bayan wata biyar ko shida. Daga baya na karanta cewa tsawon kogin ya kai kimanin kilomita 4,200. A ranar dai abin da na gane shi ne farin da ya cinye mu ya biyo ta nan ma. Da muka zo inda Gulbin Kabi ke shigowa, Kawu ya taɓa ni ya ce ruwan Gulbin Maraɗi ma, in ya shiga Rima, nan yake ƙarewa. Na daɗe ina kallon mahaɗar.

A Yelwa kanwa ta yi kwantai, wasu fatake sun riga mu. Aka ce wa Kawu in ya gangara Warra zai sami kasuwa. Jirginmu ma can ya nufa, sai dai an ƙara masa kaya da mutane, kuma ba a gama lodi ba sai bayan la'asar. Taƙin nan ɗaya ya koma yatsu huɗu. Na ga Gwaggo ta dubi gefen jirgin, ta dubi rana, ta yi shiru. Kowa na son ya riski kasuwar safe.

Daga Yelwa zuwa ƙasa kogi ya zama tafki. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ita ta tare ruwan, ya taru ya yi tsawon kimanin kilomita 130, faɗinsa a wani wuri ya wuce kilomita 20. Mutum fiye da 40,000 aka tasa, Gungawa da Kambari da mutanen Busa, garuruwansu da gonakinsu da kaburburansu suna ƙasa. Daga wannan madatsa ake ba Yamai wutar lantarki. Itatuwan da ruwa ya ci kuwa da yawa ba a sare su ba. Wasu na tsaye sun bushe, fari fat, kamar itatuwan dajinmu bayan fari. Wasu sun karye sun bar kututture a ɓoye.

Bayan isha'i iska ta taso daga gabas. Ba wata, ba gaɓa, ba komai sai ƙarar inji da duhu. Sai raƙuman ruwa suka fara zuwa. Haka suke kiran su, kuma sunan ya dace, don tafe suke jere da tozo, kowanne ya ɗaga mu ya sake. Wani ya mari gefen jirgin ya watso mana. Awaki suka fara kuka.

Sai muka ji gum! daga ƙasa.

Jirgin ya karkata, ya dawo. Na ji sanyi a idon sawuna. Kafin in lalubo jarka ya kai ƙwauri.

“A rage kaya!” in ji dattijon. “A rage kaya, jama'a!”

Ba wanda ya motsa. Ina jin numfashin mutane, ina jin salati, amma kowa ya dafe buhunsa. Ba na zargin su. Kowane buhu a jirgin nan wani abu ne da aka sayar a gida: gona, ko saniya, ko kayan ɗakin mace.

Sai na ji Kawu ya miƙe. Ya rungumi buhun kanwa. Na kama hannunsa da dukan ƙarfina.

“Kawu, taguwarka ce!”

“Sake ni, ɗana.”

“Kawu, ga masu buhu talatin can, su fara mana!”

“Uwarka kai ta ce in dawo mata da shi. Ba ta ce kanwa ba. Sake ni ka kama aikinka.”

Buhun ya faɗa, ruwa ya rufe. Ya ɗauki na biyu. A na huɗu ne wani mai wake ya tashi, sai mai shinkafa, sai kowa. Keke ma ya tafi. Yaron mai jirgi ya nutsa hannu yana lalube har ya sami inda katako ya tsage. Gwaggo ta kwance zanenta na sama ta miƙa, aka cusa, yaron ya kwanta a cikin ruwan ya danne da gadon bayansa.

Ni kuwa ina kwasa ina zubarwa. Cika, ɗaga, juye. Cika, ɗaga, juye. Kafaɗun da suka girma a bakin rijiya suna karɓar wasaki su suka yi aikin, ba ni ba. Mu huɗu ne, da jarka da kwano da tukunyar Gwaggo. Ban san tsawon lokacin ba. Na san tafin hannuna ya tsage, na san ina kiran Inna a fili ba kunya, na san na yi ta roƙon Allah kada ya kashe ni a cikin abin da muka shekara uku muna roƙon sa. Ruwan da na zubar a daren nan zai shayar da garken Baba duka, da suna raye.

Dattijon ya rage wa inji wuta, ya juya kan jirgin yana bin iska a karkace. Can sai wani ya ce, “Wuta!” Ɗan ja ne ƙanƙane, yana ɓacewa yana dawowa. Aka yi ta kururuwa. Gwangwala ta taɓa ƙasa. Masunta suka fito daga wata tunga da kwamayensu, suka kwashe mata da yara tukuna. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Da asuba na zagaya bayan bukkoki, sai na iske dattijon shi kaɗai a gindin jirginsa da aka jawo kan yashi. Ya dafa goshinsa a katakon, kafaɗunsa na rawa. Mutumin da na ɗauka ba ya tsoron komai. Na koma da baya a hankali don kada ya gan ni. A lokacin na zaci hasarar jirgi yake yi wa kuka. Sai da na girma na gane cewa tun a Yelwa ya san abin da yatsu huɗun nan ke nufi, ya fi kowa sani, amma ya karɓi kuɗin, don shi ma shekarun fari sun bar shi da bashi. Wannan bai wanke shi ba. Mu ma da muka gani muka hau, bai wanke mu ba.

A watan Mayun 2021 ina zaune a ƙofar gida a Dakoro na ji a rediyo cewa jirgi ya nutse kusa da Warra, mutum fiye da 100 sun halaka, da yawansu mata da yara. Na kashe rediyon, na dubi tafin hannuna. Na san duhun wurin, na san sanyin ruwan. Tun ranar duk wanda ya ce mini zai bi Kwara, ko ɗalibi ne ko ɗan ci-rani, sai na tsayar da shi na ce: in ka hau, aza hannunka a gefen jirgi ka auna. In bai kai taƙi biyu ba, sauka. In rana ta karkata, kwana a gaɓa. In akwai rigar ruwa, sa ta, ko ana yi maka dariya. Kasuwa na ci wani mako.

Buhu 4 suka rage wa Kawu. Muka sayar, muka yi wata biyu muna dako a bakin ruwa a Yelwa har muka haɗa kuɗin mota da ɗan kwandon banda. Muka biyo ta Koko, Jega, Sakkwato, Illela, muka shigo Ƙonni. Duk tsawon wannan lokaci ban yi wa Kawu magana ba sai in ta kama dole. A ganina ya yi wauta, ya zubar da abin da ya rage wa gidansu alhali masu kaya da yawa na zaune. Yana sane da fushina, bai taɓa tankawa ba.

Muka iso Dakoro da tsakar rana, bazara ta fara. Inna ta fito ta riƙe fuskata da hannu biyu, ta duba ni sama da ƙasa. Kawu ya zauna a inuwar zaure, ƙafafunsa sun yi futu-futu, ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, taguwa ta tafi.” Ni na ba da labarin, kuma da zafi na ba da shi, ina jiran ta taya ni jin haushi.

Ta saurara har na gama.

“Da hannunsa ya zubar?”

“Da hannunsa, Inna. Shi ya fara.”

Ta tashi ta shiga ciki. Ta fito da tulun da aka ɗebo da safe, wanda shi ne na gidan har gobe. Ta cika ƙwarya ta ba ƙanenta ya sha. Sannan ta durƙusa a gabansa, ta karkata tulun a kan ƙafafunsa, tana wanke ƙurar da hannunta. Ruwan na gangarewa, yashi na shanyewa, ita kuwa ko kallon ƙasa ba ta yi ba har tulun ya ƙare.

Na je na durƙusa kusa da ita, na ce, “Kawu, ka yafe mini.”